Kishiyar Uwa ta Cikin Tele da ta Cikin Gida

 

Yau za mu yi magana a kan wasan kwaikwayo na tele, irin wanda ake nunawa kashi-kashi, mako bayan mako. Tambayar da nake so mu duba ita ce: in mun ga mugu a cikin wasa, muka dawo gida muka ga wani ya yi kama da shi, daidai ne mu ce halinsu ɗaya?

Yadda wasan ya zo mana

Dattawanmu suna tune da lokacin da Tele Sahel ta fara aiki sosai, a 1979. A wancan zamani akwati guda ne gari duka ke taruwa a gabansa, a kalli su Yazi Dogo, a yi dariya, a watse. Masu rediyo kuma suna kama Kaduna su saurari Samanja. Daga baya aka kawo mana wasannin ƙasashen waje, kamar Marimar, wanda aka yi a Meksiko a 1994, aka juya shi da Faransanci. A 2014 aka buɗe tashar Arewa24 a Kano, ta kawo Daɗin Kowa. A 2019 ta kawo Kwana Casa'in. A 2020 Aminu Saira ya fito da Labarina. Yanzu kuwa ba sai da akwati ba. Ranar Alhamis, in kasuwar Badagishiri ta ci, yaro yakan sa a zuba masa wasa a salula, ya tafi da shi ƙauye, gida duka a kalla.

Kallo ba laifi ba ne. Ni ma ina kallo. Amma akwai abin da ya faru a gabana, wanda ya sa na zauna na yi tunani.

Abin da ya faru

A wani ƙauye da na karantar, akwai wata mata cikin ɗalibaina. Mijinta ya tafi bida Abijan, kamar yadda mazan Adar da yawa ke yi. Ya bar mata ɗansa, yaro ɗan shekara tara, wanda uwarsa ta rasu. Ana nan, sai yaro ya fara ramewa. Mata a bakin rijiya suka ce: "Ai ga ta nan, irin ta cikin tele ce. Tana ba nata ɗiyan fura, tana hana maraya." Wata Alhamis aka gan ta a kasuwa ta sayar da akuyarta. Sai aka ce: "Kun gani? Atamfa za ta saya, maraya yana mutuwa da yunwa." Magana ta bi salula har Abijan. Miji ya aiko cewa ta tafi gidansu sai ya dawo.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yarda da zancen. Ban tambayi kowa ba. Labarin ya yi daidai da wanda na saba ji tun ina yaro, don haka ya shige ni ba wuya.

Kafin ta tafi, sai ta zo aji da wata takarda. Ta ce: "Malam, duba mini. Na karanta lamba, amma ina tsoron kuskure. Ƙwaya nawa aka ce in ba shi?" Na duba, sai na ga takardar likita ce. Ashe tsargiya ke cin yaron, ciwon nan na fitsarin jini da ake ɗauka wajen wanka a tabki. Yaro yana jin kunya, ya ɓoye. Ita ce ta gane wajen wanke masa wando. Kuɗin akuyar nan, da su ta biya mota da magani.

Na kai takardar wurin wan mijinta, na karanta masa. Aure bai mutu ba, yaro kuma ya warke. Amma matar ba ta sake zuwa aji ba. Ta ce ba ta iya zama tabarma guda da waɗanda suka ci namanta. Na rasa ɗaliba mai ƙoƙari, kuma da hannuna a ciki.

Me ya sa muka yi saurin yarda? Don mu gane, sai mun duba yadda ake gina labari.

Riguna bakwai

Akwai wani malami a ƙasar Rasha, sunansa Vladimir Propp. Ya tattara tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1928 ya fitar da littafi a kan abin da ya gano. Ya ce sunaye suna canzawa, garuruwa suna canzawa, amma ayyukan da ake yi a cikin tatsuniya ba su wuce iri 31 ba. Masu yin ayyukan kuma iri 7 ne. Ga su:

1. Gwarzo, wanda ake bin labarinsa.
2. Mugu, mai ɓata zaman lafiya.
3. Mai aike, wanda ya tura gwarzo hanya.
4. Mai kyauta, wanda ke gwada gwarzo, sannan ya ba shi abin taimako.
5. Mataimaki, abokin tafiya.
6. Abin nema, kamar ɗiyar sarki.
7. Gwarzon ƙarya, mai son cin ladan da bai yi wa aiki ba.

Ku gwada wannan da tatsuniyar ɗiyar bora da ɗiyar mowa, wadda kakanninmu suka ba mu. An aiki ɗiyar bora wanki a ruwa mai nisa don a wahalar da ita. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta yi musu ladabi. Aka ba ta ƙwai, ta fasa, dukiya ta fito. Ɗiyar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta fasa nata, masifa ta fito. Kun ga gwarzo, kun ga mugu da mai aike, kun ga mai kyauta, kun ga gwarzon ƙarya. Mutumin Rasha bai taɓa zuwa Adar ba, amma awonsa ya yi daidai da tatsuniyarmu.

Haka wasan tele yake. A Marimar akwai yarinya matalauciya da matar uban miji mai ƙin ta. A Kwana Casa'in akwai masu mulkin jihar Alfawa da masu tona musu asiri. A Daɗin Kowa, da an ga Adama matar Kamaye ta buɗe baki, kowa ya san rigima ta zo. Mai shirya wasa yana amfani da waɗannan kamanni ne don mai kallo ya gane da sauri wa zai so, wa zai ƙi.

To, ga wurin da nake so ku riƙe da kyau. Malamin nan ya nuna cewa abin da ke sa a kira wani mugu ko mataimaki shi ne aikin da ya yi a wannan wuri na labarin. Mutum guda yana iya yin aiki biyu. Aiki guda kuma mutane da yawa suna iya yin sa. Gizo ma haka yake: yau shi ne macuci, gobe shi ne ya ceci gari da wayonsa. Ke nan waɗannan abubuwa bakwai kamar riguna suke. Ana sawa, ana tuɓewa. Masu kallon Labarina sun ga haka da idonsu: Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, da ta bari aka sa Fati Washa, labari ya ci gaba. Riga tana nan, mai sawa ya canza.

Laifin da muka yi a ƙauyen nan shi ne, mun ɗauko rigar mugu daga cikin labari, mun sa wa mace mai rai, ba mu duba ko ta yi aikin mugunta ba.

Abin da ya sa rigima ba ta ƙarewa

Akwai bambanci tsakanin tatsuniya da wasan tele. Tatsuniya tana farawa da zaman lafiya, mugu ya ɓata, gwarzo ya gyara, a ce ƙurungus, yara su tafi barci. Wasan tele mai dogon zango ba ya son ƙurungus.

Irin wannan wasa a rediyon Amurka ya fara, wajen 1930. Kamfanonin sabulu ne ke biyan kuɗinsa don a yi tallar kayansu a tsakiya, shi ya sa can ake ce masa wasan sabulu. Akwai guda mai suna Guiding Light da ya fara a rediyo a 1937, ya koma tele, bai tsaya ba sai 2009. Ku lissafa: shekara 72 ke nan. In ana so mutane su dawo gobe su ga talla, dole a bar su yau da ƙishirwa. Shi ya sa ake yanke wasa daidai inda aka ɗaga hannu za a yi mari. In kishiyoyi suka shirya yau, dole mako mai zuwa a nemo musu sabuwar fitina, ko a kawo wani sabon mugu. Gidan da ake zaune lafiya, ana daka tare, ana renon ɗiyan juna, ba a yin kashi ɗari a kansa.

Ke nan abin da muke gani a tele zaɓaɓɓe ne. An tsince rigima an tara, an bar zaman lafiya a waje. Wanda ya auna gidan maƙwabcinsa da wannan mudu, awonsa ba zai yi daidai ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza

Wani zai ce: "Malam, kana nufin babu muguwar kishiyar uwa a duniya? Ai ruwa ba ya tsami banza." Gaskiya ne. Akwai marayun da ake cuta. Akwai mai kuɗin da ke danne talaka. Kakanninmu ba su ƙago waɗannan tatsuniyoyi don wasa kawai ba. Sun yi su ne don a ji tausayin maraya, a ji kunyar zalunci. Wasan tele mai kyau shi ma yana wannan aiki. Da a ce yaron nan ya rame, kowa ya kau da kai, wannan ma laifi ne babba.

Matan bakin rijiya sun yi daidai da suka damu da yaron. Inda suka ɓata shi ne, sun tsaya a magana. Ba wadda ta shiga gidan ta ce: "Yaya, me ke damun yaron nan? Mu kai shi likita." Labari ya ce mana: ku lura da maraya. Bai ce mana: kun riga kun san mai laifi ba. Gani ya kori ji.

Wani kuma zai ce: "Hali zanen dutse." Ni ina ganin wannan karin magana ya fi dacewa da mutanen cikin wasa, don su marubuci ne ya zana su, ba su iya kauce wa abin da ya rubuta. Ɗan Adam kuwa tara yake, bai cika goma ba. Wanda ya cuce ka bara a kan iyakar gona, yana iya zama shi ne ya ɗauki ɗanka a bisa babur cikin dare zuwa likita. In ka riga ka ɗinka masa rigar mugu, ko ya yi alheri ba za ka gani ba. Ka kuma toshe masa hanyar gyara halinsa, don wanda aka yanke wa hukunci tun kafin ya yi magana yakan ce: to, me ya rage?

Wa ke ba da labarin?

Saura abu guda. Kowane labari yana da mai ba da shi. A wasa, na'urar ɗaukar hoto tana bin gwarzo har cikin ɗakinsa, mu ga hawayensa. Mugu kuwa ba a nuna mana darensa. Da za a juya, a bi kishiyar uwa tun asuba, a ga dakanta da ɗibar ruwanta, da wani labari za mu gani.

Mu ma haka muke. In ka yi faɗa da ɗan'uwanka, ka je gaban mai gari, wace riga kake sa wa kanka? Ta gwarzo. Shi ma in ya zo, ita zai sa. Shi ya sa mai gari na kirki ba ya yanke magana sai ya ji baki biyu. Ka tambayi kanka: a cikin labarin da maƙwabcina ke bayarwa, wace riga nake sanye da ita?

Ƴan'uwa, mun koyi karatu don kada a ruɗe mu da takarda, kada a cuce mu a awo. To, wasa ma karanta shi ake yi. Ku kalla, ku yi dariya, ku ɗauki darasi. In an kashe tele, ku bar rigunan a cikinta. Maƙwabci kuwa, a je a gaishe shi, a tambaye shi, a saurare shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Ku zaɓi tatsuniya guda da kuka sani. Wa ke sanye da kowace riga a cikinta?
2. A wasan da kuke kallo yanzu, a ina aka yanke kashin da ya wuce? Don me aka yanke a nan?
3. An taɓa sa muku rigar da ba taku ba? Ku kuma, kun taɓa sa wa wani?

Wanda ya iya, ya rubuta amsarsa da hannunsa, ya ba malaminsa a aiko mana. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.