Cutarwar da Mai Yin Ta Ba Ya Gani: Matsayin Saita Fitilar Mota a Shari'a da Ɗabi'a

Daga cikin tsofaffin mas'alolin da malaman fiƙihu da masana ɗabi'a suka daɗe suna tattaunawa akwai tambayar ko ana kama mutum da alhakin cutarwar da bai yi nufinta ba, bai kuma san yana aikata ta ba, kuma da wuya a sami abin da ya fito da wannan mas'ala fili kamar fitilar motar da ta bar saitinta. Direban da fitilarsa ta ɗaga sama ko ta karkata hagu yana zaune ne a bayan hasken, yana ganin hanya sarai, alhali wanda ke fuskantarsa, ko mai Keke Napep ne da ya kwaso ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya zuwa masaukansu a Wuro Patuji cikin garin Mubi, ko mai tafiya a ƙasa a gefen titi, shi ne idonsa ke dallarewa har hanya ta ɓace masa. Amfanin hasken yana ga mutum ɗaya, cutarwarsa tana ga wani daban, kuma wanda ya amfana ba ya jin komai daga abin da ya sami ɗan'uwansa.

Kafin a yi hukunci wajibi ne a fahimci yadda abin yake. Fitilar gaba tana da haske iri biyu: dogon haske, wanda direbobi ke kira ful layit, da gajeren haske, wanda suke kira dim. An ƙera gajeren ne ta yadda zai sunkuya ƙasa kaɗan, ya yanke a wani layi da bai kai tsayin idon mai tahowa ba, ya kuma ɗan ɗaga ta hannun dama domin ya haska bakin titi, tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, kamar yadda ake yi a Kamaru da Nijar. Sunkuyawar da yawancin ƙananan motoci ke buƙata tana tsakanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100, ma'ana idan aka tsayar da mota a daidaitaccen wuri, mita 10 daga bango, layin da hasken ya yanke zai sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da tsayin fitilar. A kan lissafin kashi 1, fitilar da ke santimita 65 daga ƙasa haskenta zai taɓa kwalta a nisan mita 65, amma da zarar ta ɗaga da wannan ɗan kashi ɗaya, layin ba zai ƙara taɓa ƙasa ba, sai dai ya miƙe cikin idanun jama'a. Gyaransa kuwa sukurori biyu ne a bayan fitilar, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu.

Dalilan da ke kawar da fitila daga saiti suna da yawa a gari irin Mubi, wanda kasuwancinsa na hatsi da dabbobi ya haɗa Adamawa da Borno da Kamaru. Motar da aka danƙara wa buhuna a but, bayanta kan zauna, gabanta ya ɗaga, fitilar da ke daidai da safe ta zama mai kashe ido da dare, kuma domin haka ne masu ƙera motoci da yawa suka sa wani ɗan maɓalli mai lambobi kusa da sitiyari don a sunkuyar da haske gwargwadon nauyin kaya. Faɗawa ramuka kan sassauta mariƙin fitila, fanel bita kan mayar da ita bayan karo ba tare da awo ba, sannan farin ƙwan nan na zamani, idan aka cusa shi cikin gidan fitilar da aka ƙera domin tsohon ƙwai, yakan watsa haske ta ko'ina. Idan aka ƙaddara cewa mai tahowa yana gudun kilomita 50 a awa, kuma idonsa ya rufe na daƙiƙa 3 kawai, to ya shafe fiye da mita 40 yana tuƙi a makance.

A nan ne mai motar zai ce bai yi niyyar cutar da kowa ba, kuma ayyuka ana auna su ne da niyya. Maganar gaskiya ce, amma malamai sun rarrabe tsakanin zunubi, wanda ya rataya a kan nufi da sani, da lamuni, wato wajabcin biyan abin da mutum ya ɓata, wanda ba ya faɗuwa don kawai zuciya ta yi kyau. Hujja mafi girma a kan haka ita ce kisan kuskure, wanda Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kansa duk da cewa babu ganganci a ciki. Game da rashin sani kuwa, malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa jahilcin da ake yi wa uzuri shi ne wanda kauce masa ke da wuya bisa al'ada, amma wanda mutum zai iya kawarwa ba tare da wahala ba, ba ya zama uzuri. Sanin halin fitila ba ya buƙatar komai face bango da ma'auni da 'yan mintuna, saboda haka rashin sanin ya koma sakaci, musamman ga wanda motoci ke ta ƙifta masa wuta alhali yana kan dim, domin wannan ƙiftawa shaida ce da ta iso gare shi daga inda shi ba ya iya tsayawa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani, kuma kusan kowane direba yana kukan fitilar wasu, kaɗan ne suka taɓa fita suka dubi tasu.

Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda shi ne na 32 a Arba'una na Imam Nawawi, ya hana abu biyu a tare: fara cutarwa, da mayar da cutarwa a kan wadda aka yi. Sashe na biyu ya shafi al'adar da ta zama ruwan dare a hanyar Mararraba zuwa Hong da Gombi da sauran manyan hanyoyi, inda wanda aka dalle wa ido yakan kunna nasa dogon hasken ya bar shi, da hujjar cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ƙiftawa sau ɗaya domin faɗakarwa nasiha ce, amma barin hasken ramuwa ce da ke mayar da makaho ɗaya makafi biyu masu tunkarar juna, kuma wanda ke biyan farashinta sau da yawa fasinja ne ko mai tafiya a ƙasa da bai shiga rigimar ba.

Akwai wata hujja da ta fi ta farko ƙarfi, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba: hanya tana da duhu da ramuka, dabbobi suna tsallakawa, kuma kare rai wajibi ne, don haka direba yana da haƙƙin ganin nesa. Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya warware irin wannan karo na haƙƙoƙi a Almuwafaƙat, inda ya nuna cewa halas ne mutum ya nemi amfaninsa idan cutar da za ta shafi wani ba ta cika aukuwa ba, amma idan aukuwarta tabbas ce kuma yana da wata mafita, to an hana shi, ya kuma buga misali da haƙa rijiya a bayan ƙofa cikin duhu. Mafitar direba tana hannunsa, domin dogon haske nasa ne matuƙar hanya babu kowa, kuma fitilar da ke kan saiti ta fi haska kwalta fiye da wadda ke haska rassan itatuwa, balle a lokacin hunturu da ƙura ke dawo masa da hasken cikin idonsa. Haka nan sunkuyar da ita fiye da kima wani sakacin ne, tun da ba zai hangi abin da ke gabansa ba sai ya iso kansa.

Wannan fahimta ta sami goyon bayan Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda a zamanta na takwas a Brunai cikin Yunin 1993 ta zartar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma haɗurran mota suna shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya da lamuni. Kiristocin da ke zaune tare da Musulmi a Mubi su ma suna da umarnin ƙaunar maƙwabci a Linjila, wanda bai keɓe maƙwabcin gida ya bar na hanya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya tsayar da motar da fitilarta ɗaya ta mutu, amma ba ta iya bin kowace mota da ma'auni, don haka nauyin ya koma kan mai motar da kuma mai gyaran wutar mota, wanda aikinsa bai cika ba idan ya sa ƙwai ya karɓi kuɗi bai auna inda hasken ya nufa ba.

Abin da ya bayyana shi ne cewa kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum daga cutarwar da yake da ikon ganowa da kawarwa, kuma wanda ba ya iya ganin aibinsa da kansa ya wajaba ya auna, ya kuma saurari waɗanda aibin ke faɗa wa. Ya kamata kowane mai mota ya duba saitin fitilarsa bayan kowane gyaran gaba da kowane canjin ƙwai, shugabannin tashoshin mota su sa wannan cikin sharaɗin lodin dare, limamai da fastoci kuma su ambace shi cikin haƙƙoƙin hanya.