Kada Shirun Inji Ya Ruɗe Ka

Ɗana, tunda Allah ya hore maka mota, kuma ta sha tafiya kafin ta zo hannunka, akwai gyaran da nake so ka riƙe a ranka, domin mutane da yawa ba sa tunawa da shi sai ranar da aka sauke kan inji. Shi ne setin bawul, ko setin tafet a bakin makanikai.

A kan kowace silinda akwai bawul masu shigar da iska, akwai masu fitar da hayaƙi zuwa salansa. Tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi an bar 'yar tazara wadda ba ta kai rabin milimita ba, saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Da yawan tafiya tazarar nan takan sauya. In ta buɗe, za ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji, kuma wannan mai sauƙi ne, tunda ya sanar da kai. Wanda nake jiye maka shi ne in ta tsuke. Bawul yana ta dukan mazauninsa shekara da shekaru har ya ɗan nutse, tazarar ta ƙare, inji kuwa ya yi luf, kana murna. Alhali bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan ya daina rufuwa sosai, wuta za ta riƙa bi ta gefensa har ta ci bakinsa. Daga nan mota ta fara wuyar tashi da safe, tana karkarwa a silo, tana mutuwa a danja, ka sauya fulogi amma jiya i yau.

Sai dai kada ka ji wannan ka ruga gareji. Fara sanin irin injinka. Golf 3 mai fetur da ke cike tashoshinmu, tafet ɗinta da matsin baƙin mai yake daidaita kansa, babu abin juyawa. Idan ta yi ƙara, ka duba mai da lokacin juye, wataƙila kuma tafet ɗin ne ya gaji. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu kuwa da sukuru da noti ake saita ta: milimita 0.21 zuwa 0.25 a bawul ɗin iska, 0.28 zuwa 0.32 a na hayaƙi. Haka tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da hannu ake yi mata. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tata daban ce: ba ta da sukuru, ana auna tazarar ne, in ta kauce a sauya ƙoƙon da ke kan bawul da wani mai kaurin da ya dace. Ba ta cika kaucewa ba, amma aunawa ba ta ɓata komai.

Kada kuma ka dogara da lambar da ke kan mita. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kuwa ya kai kilomita 160,000. Ga shi wasu dillalai, ba duka ba, suna mayar da mita baya. In injinka na seti ne, ya haura wannan tafiya, kuma ba ka da shaidar an taɓa auna shi, to ka ɗauka ba a taɓa ba.

Ranar aikin, ka kai motar tun yamma ta kwana, domin da sanyin inji ake aunawa. Ka tsaya ka ga bakanike ya fito da siraran ƙarafan awo masu lamba, yana zura ɗaya cikin tazarar, ƙarfen yana wucewa da ɗan ja, ba sako-sako ba, ba da tilas ba. Ka tambaye shi cikin ladabi: "Maigida, lamba nawa za a sa wa na hayaƙi?" Wanda ya san aikinsa zai faɗa maka, ko ya duba littafi. Wanda ya ce da kunne yake yi, yana ɗaurewa har ƙara ta ɗauke, ka yi masa godiya ka tafi, don shi ne zai tsuke maka bawul da hannunsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka sayi sabon gasket na murfi tun kafin a buɗe, kada tsohon ya dawo yana yoyon mai.

Aikin nan na safiya ɗaya ne. Ƙonewar bawul kuwa sai an sauke kan inji, a sayi bawul da gasket, mota ta yi kwanaki a gareji, iyali suna bin Keke Napep. Dukiya amana ce, ɗana, kuma iyalinka kake ɗauka a ciki. Ka binciki irin injinka a makon nan. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.