TAKARDA TA CE LAFIYA, MACE TA CE CIWO: WA ZA MU GASKATA?

Ga wata tambaya da take shiga gidajenmu. Mace ta je asibiti, an gwada bakin mahaifarta, takarda ta fito ta ce ba a ga kome ba. Amma ciwon mara bai bar ta ba, ko kuwa jini yana zuwa ba a lokacinsa ba. Mijinta ya ce, "Ai likita ya ce lafiyarki ƙalau." To, wa za mu gaskata, takarda ko mai ciwo?

Bari mu fara sanin aikin gwajin. Wani likita Bagirike mai suna George Papanicolaou, wanda ya yi aiki a Amurka, shi ne ya nuna hanyar, ya buga littafinsa a kanta a 1943. Akan shafo ɗan abu daga bakin mahaifa, a duba da madubin likita ko naman ya fara sākewa. Yanzu kuma akan nemi ƙwayar cuta mai suna HPV, gama ita ce take jawo kusan dukan sankarar wurin. A wasu asibitocinmu akan shafa ruwan tsami a duba da ido. An shirya gwajin nan domin matan da ba su jin ciwo, don a tare cutar tun ba ta kama ba.

Watau tambaya ɗaya tak aka yi wa takardar, ita kuwa ta amsa. Ba ta duba cikin mahaifa ba, balle ma'ajiyar ƙwai ko mafitsara. Ƙarin mahaifa, da ciwon sanyi wanda ya hau sama, da tsargiyar da akan ɗauka a rafi, da nama irin na cikin mahaifa da yakan tsiro a waje da ita, da sankarar ma'ajiyar ƙwai, duka suna iya sa ciwon mara, gwajin kuwa ya fito lafiya. Har a bakin mahaifar ma wani lokaci yakan tsallake abu. Mai gadi in ya ce ƙofa tana kulle, gaskiya ya faɗa, amma bai ce babu gara a rumbu ba.

Domin wannan akwai laifi biyu da za mu guje musu. Na fari, mu mai da mace maƙaryaciya, mu ce raki ne ko ƙyuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda ya ɗauki takarda ya rufe bakin matarsa da ita ya yi shaidar zur da abin gaskiya. Waɗansu kuma sukan ce tun da asibiti bai gani ba, lalle sammu ne, sai a ɗora wa maƙwabciya laifi, a ƙara zalunci a kan ciwo.

Na biyu, mu ce gwajin banza ne, mu hana waɗansu zuwa. Wannan ma kuskure ne, gama ya ceci mata da yawa. Rigakafin HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, shi ma abin karɓa ne.

Ashe takarda da mace duka gaskiya suke faɗa, sai dai ba a kan abu ɗaya ba. To, me ya wajaba? Ke 'yar'uwa, kada kunya ta hana ki komawa. In kin ga jini bayan kwana da miji, ko tsakanin al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, ko ciwon da ya ƙi tafiya, ki faɗa wa likita dalla-dalla, ki roƙa a duba ki, a yi hoton ciki in ya ga ya kamata. Kai maigida, kuɗin mota da na asibiti a wuyanka suke, ka kuma raka ta. Ku ma'aikatan asibiti, ku ji maganarta har ƙarshe kafin ku duba takarda.

In aka koma aka tarar ciwon ƙarami ne, an yi hasarar yini ɗaya. In kuwa babba ne aka yi shiru, ana iya hasarar uwar gida.