Wa Uwa Za Ta Gaskata?

Uwar da ta goya ɗanta zuwa wurin allurar rigakafi a Wudil ba ta da hanyar auna abin da ke cikin kwalbar. Abin da take aunawa shi ne mai ba ta labari: malamar asibiti, ungozoma, uwar mijinta, mai unguwa, ko muryar rediyo. Ke nan shawararta a kan amana take tsaye. To, idan ta ƙi kai ɗan, alhakin yana wuyan wa?

Mu tuna da abin da ya faru a jiharmu. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Iyayen kuwa suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, mutane da yawa suka yarda. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Zancen ba gaskiya ba ne, amma cutar ta nakasa yara, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20.

Uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki a wancan lokaci, ƙauna ce ta sa ta. Sai dai ƙaunar da aka ba labarin ƙarya takan cuci wanda take so. Saboda haka mafi nauyin alhakin yana kan wanda ya ci amana, da wanda ya yaɗa abin da bai tabbatar ba.

Amana kuma tana gyaruwa. Marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a gaban jama'a, matan unguwa suka riƙa bi gida-gida suna bayani. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka. Duk da haka, a 2023 mashaƙo ya addabi Kano fiye da kowace jiha, yawancin waɗanda ya kama kuwa yara ne da ba su cika rigakafi ba.

Don haka kowa yana da nasa nauyi. Ma'aikacin lafiya ya faɗi gaskiya duka, har da zazzaɓin da kan biyo bayan allura. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota. Wanda saƙo ya shigo wayarsa ya bincika kafin ya tura, gama shaidar zur ba a kotu kaɗai ake yinta ba.

Ke kuma uwa, ki yi tambaya ba tare da jin kunya ba. Ki gaskata wanda zai amsa miki da haƙuri, wanda kuma za ki same shi gobe in jikin ɗanki ya yi zafi.