Amanar Kunne: Waƙar Da Mutum Kan Miƙa Wa Abokinsa

Da wuya a sami majalisar samari ko ta dattawa wadda ba a taɓa yin gardama a cikinta a kan gwanin mawaƙa ba. Wani ya ce tun da Mamman Shata ya rasu a 1999 kalangu ya yi maraici. Wani ya ce shi kuntigin Ɗan Maraya Jos ne ya kama masa zuciya. Wani kuma ba ya son kome sai bege da Ishiriniya, yana kallon sauran kamar waɗanda suka saki hanya. Da can faifan garmaho da kaset ake ara wa juna, yanzu kuwa ta waya ake aikawa. To, abin tambaya shi ne, abin da kunnen mutum yake so, sha'aninsa ne shi kaɗai, ko kuwa akwai haƙƙi a kansa idan ya miƙa shi ga wani?

Malaman Musulunci sun daɗe da saɓawa a kan waƙa da kiɗa. Sahabi Abdullahi ɗan Mas'udu ya fassara zancen shagala da aka ambata a aya ta 6 ta Suratu Luƙman da cewa waƙa ce, Ibnul Ƙayyim kuma ya tsananta ƙwarai a kanta. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, bai ga hujjar haramci ba. A ƙasar Hausa ma Malam Abdullahi na Gwandu ya fi yayansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tsanani a wannan babi, domin Shehu a littattafansa na ƙarshe ya yi nuni da cewa abin da malamai suka saɓa a kansa ba a gaggauta tsangwamar jama'a saboda shi. Gardama ce wadda ba majalisar shayi ce za ta yanke ta ba.

Amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauko maganar ta wata fuska a cikin Ihya'u. A ganinsa sauti mai daɗi ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, tono abin da ke kwance kawai yake yi, kamar yadda ƙyastu ke fitar da wutar da ke ɓoye a ƙanƙara. Ke nan waƙa guda tana iya tuna wa dattijo mutuwa, ta kuma tayar wa saurayi sha'awa. Idan haka ne, wanda ya aika wa abokinsa waƙa ya ƙyasta wuta a ɗakin da bai san abin da aka ajiye a ciki ba, ko hatsi ne ko auduga. Faɗin cewa "ai ni ba ta yi mini kome ba" ba ya wanke shi. Ingantaccen hadisi na Muslim ya bayyana cewa mai kira zuwa ga shiriya yana da lada kwatankwacin na waɗanda suka bi shi, mai kira zuwa ga ɓata kuma haka yake da rabo a zunubinsu. Yabon waƙa a gaban mutane wani nau'i ne na kira, ko mai yabon bai nufa ba.

Sai dai kuma kada mai jin bege ya ɗauka ya tsira don nau'in da ya zaɓa. Akwai waƙar fada mai koya jarunta da riƙon amana, akwai mai cike da zambo da cin naman mutane. Akwai bege mai tausasa zuciya, akwai wanda mai yinsa ya wuce gona da iri har ya faɗi abin da shari'a ba ta yarda a faɗa ba. Ma'anar baiti ake aunawa, da halin da yake bari a zuciya bayan an kashe rediyo. Wanda kuwa ya mai da ɗanɗanonsa ma'aunin imanin mutane, girman kai ya shige shi ta ƙofar da bai tsare ba, kuma cutar nan ta fi ta kalangu wuyar magani.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ranar wata Idi Sayyadina Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu suna rera waƙoƙin yaƙin Bu'asu a ɗakin Nana A'isha, ya tsawata musu, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su domin ranar farin ciki ce. Sun kuma ruwaito labarin Anjasha, wani mai kora raƙuma da waƙa, mai zaƙin murya. A wata tafiya yana rerawa, raƙuman suka ɗauki sauri saboda daɗin sautin, alhali mata ne a kansu. Annabi bai ce masa ya yi shiru ba. Umurtarsa ya yi da ya sassauta, ya kuma kamanta masa matan da kwalabe masu saurin fashewa.