Rowar Sani

Marowacin kuɗi yana da ɗan uzuri, domin abin da ya bayar ya bar aljihunsa ke nan. Marowacin sani ba shi da ko wannan. In ya koya maka, nasa yana nan bai ragu ba, amma sai ya ƙudundune shi don tsoron kada na baya ya kamo shi. Akwai irinsa a gareji, akwai a shagon tela, akwai a ofis. Sai dai babu inda wannan hali ya fi saurin tona asirin mai shi kamar aikin sojan ruwa.

Jirgin yaƙi ba ya tsayawa don dare ya yi, kyaftin kuwa ɗan Adam ne, dole ya runtsa. Shi ya sa ake raba tsaron ɗakin tuƙi awa huɗu-huɗu, kuma wanda ke riƙe da jirgi daga sha biyun dare zuwa huɗu na asuba sau da yawa ƙaramin hafsa ne. Kafin kyaftin ya kwanta yakan rubuta umarnin dare a littafi: ga hanyar da za a bi, in wani jirgi ya matso kusa kaza a tashe ni, in ka yi shakkar wani abu ka tashe ni. Yaro ya karanta, ya sa hannu. Daga nan rayukan mutanen jirgin duka, har da na maigidan da ke barci, suna wuyansa. To, kyaftin da ya yi rowar koyarwa da rana, wanda ke fizge aiki duk lokacin da za a shiga tashar Apapa, wanda ke disga mai tambaya a gaban na ƙasa da shi, me ya shuka? Ya shuka yaron da zai hango fitila a duhu, bai gane ina ta dosa ba, kuma yana tsoron ƙwanƙwasa ƙofar oga.

Akwai wata rowar da ta fi wannan muni, domin mai ita ba ya ganin kansa marowaci. Yana koyarwa, amma sai ɗan garinsu, ko wanda suke yare ɗaya, ko ɗan wane. Sauran kuwa umarni kawai suke samu.

A ɗauki yaron da ya tashi a Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya tuƙe tun wajen 1930. Tsakaninsa da teku ya haura kilomita dubu. Ranar da ya fara hawa jirgi jiri ne zai kwashe shi, abokan karatunsa na Kalaba da Fatakwal suna dariya. In babbansa ya yanke hukunci a ranar cewa ɗan Arewa ba na ruwa ba ne, shi ke nan, an gama da shi. Amma Murtala Nyako ɗan Mayo-Belwa ne, ya shiga sojan ruwa a 1963, ya yi horo a Dartmouth ta Ingila, ya riƙe rundunar baki ɗaya daga 1990 zuwa 1992. Awwal Zubairu Gambo, Bakano, ya hau kujerar a 2021. Babu wanda aka haifa a bakin teku cikinsu. Wasu ne suka tsaya suka nuna musu yadda ake karanta taswira. A ɓangaren mata kuma, ga Itunu Hotonu, mai zanen gine-gine, wadda ta shiga a 1985 ta zama mace ta farko da ta kai Riya Admiral a Najeriya a 2012. Tun 2011 makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna take ɗaukar mata. Ɗauka kuwa daban, koyarwa daban: ana iya buɗe wa mutum ƙofa sannan a bar shi tsaye a zaure.

Kada mu ɗora wa masu kaki laifin su kaɗai, mu ma a gida muna da namu. Ka tsaya bakin kogi a Gashua da sassafe ka ga masunci kwance bisa gora, yana tuƙi da hannu, yana bin tarunsa. Ya san inda gurbi yake, ya san inda yashi ya taru bana, ya san kalar ruwan da ke cewa ambaliya na tafe. Wasu dattawan kan koya wa duk yaron da ya riƙe musu filafili. Wasu kuwa asiri suke ɗaukarsa, sai ɗan cikinsu, in ɗan ya tafi Legas neman kuɗi a binne su da abinsu. Ga shi ruwan kansa ya sauya: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyarsa ba kamar da ba, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin kwale-kwale a dausayin Hadeja da Nguru. Sanin da ba a yaɗa ba yanzu ya fi saurin mutuwa.

Wannan kogin na Gashua shi ne ke wucewa ta Geidam da Damasak ya faɗa Tafkin Cadi, inda sojan ruwa ke da sansani a Baga. A can ruwan ba zurfi, ga ciyawa, ga tsibirai barkatai, hafsan da ya ƙware a teku sai ya koma ɗalibin masunci. In ya saba raina na ƙasa, wa zai gaya masa gaskiyar hanya?

Mafi arahar sanin da ake rowarsa ma ba na tuƙi ba ne, na shiga aikin ne. Yara nawa a sakandaren Nguru da Gashua suka san cewa NDA na buƙatar jarrabawar JAMB da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, cewa ta intanet ake cike fom, kuma jiha-jiha ake fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, Yobe ma da nata gurbin? Hafsan da ya zo hutun Sallah ya san duk wannan. Yakan gaya wa ɗan yayarsa a cikin falo, murya ƙasa-ƙasa, alhali makarantar da shi kansa ya gama tana nan bayan layinsu, da ɗalibanta 'yan ajin ƙarshe, maza da mata.