Wa Zai Biya Bashin Unisimas?

A cikin wasiƙun Manzo Bulus babu wadda ta kai ta Filimon gajarta. Ayoyi 25 ne kacal. Yana kurkuku ya rubuta ta, masana da yawa kuma suna ganin a Roma ne, wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Ubangijinmu. Amma tambayar da ke cikinta tana nan a gidajenmu har yau: idan wanda ya cuce ka ya tuba ya dawo, wa zai ɗauki asarar?

Filimon mai hali ne a birnin Kolosi, a gidansa ma ikilisiya take taruwa. Bawansa Unisimas ya gudu, da alama kuma ya jawo masa asara. Dokar Romawa ta ba ubangida ikon yi wa irin wannan bawa horo mai tsanani. A hannun Bulus ne Unisimas ya ba da gaskiya, sai Bulus ya mai da shi gida da wasiƙa.

Mu lura da abin da manzon ya yi. Bai ɓoye laifin ba. Bai kuma tilasta wa Filimon ba, ko da yake yana da ikon ba da umarni. Roƙo ya yi, domin alherin da aka yi bisa tilas ba alheri ba ne. Ya nemi a karɓi Unisimas a matsayin ɗan'uwa, ba bawa ba. Sa'an nan a aya ta 18 da ta 19 ya ɗauki bashin a wuyansa, ya rubuta da hannunsa cewa shi zai biya.

A nan ne mukan kasa. Yaron shago ya gudu da kuɗin maigidansa, ko 'yar'uwa ta cinye kuɗin adashe. Bayan shekara biyu sun dawo da hawaye. Dattawa su zauna, su ce wa wanda aka cuta, "Ka yi haƙuri, ai kai mai bi ne." A yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Mai laifi ya sami sauƙi, masu sulhu sun sami yabo, wanda aka cuta kuwa ya koma gida da asararsa da ciwon zuciya. Ran Lahadi za su rera waƙa ɗaya, amma ba sa gaisawa a bakin ƙofa.

Wani zai ce, ai gafara kyauta ce. Gaskiya ne, ga mai karɓa. Amma kullum akwai mai biya. Gafarar da mu kanmu muka samu, a kan gicciye aka biya ta. Abin da Bulus ya koya daga wurin Ubangijinsa ke nan, ya kuwa aikata.

Saboda haka, mai laifi ya dawo da ƙafarsa kamar Unisimas, ya mayar da abin da zai iya. Wanda aka cuta ya buɗe ƙofa da yardar ransa. Mu kuma masu shiga tsakani, kafin mu ce wa wani ya yi haƙuri, mu tambayi kanmu: me zan fitar daga aljihuna, ko lokacina, ko mutuncina, domin waɗannan biyu su sake cin abinci a kwano ɗaya?

Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.